Masu Iya Taku a Fagen Tamaula: Waiwaye Daga Dutse

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin gidajen kallon ƙwallo na garin Dutse ranar Asabar da la'asar, ko a Takur ne, ko a Yalwawa, ko can Shuwarin, ya san cewa ba wasan da ke cikin akwatin talabijin kaɗai ke tara mutane ba. Rabin abin da ke kawo su gardama ce. Da zarar alƙalin wasa ya busa usur na hutun rabin lokaci sai a buɗe tsohuwar shari'ar nan da ba ta ƙarewa, watau wane ne ya fi kowa a duniya. Wannan ya ce Messi, wancan ya ce Ronaldo, kowa ya zaro wayarsa ya shiga karanto yawan ƙwallayen da gwaninsa ya zura da yawan kofunan da ya ɗauka, kamar masu lissafin buhunan gyaɗa a bakin sikeli. Mu ma ɗalibai ba a bar mu a baya ba, don kuwa irin wannan gardama ta sha hana mutane barci a ɗakunan kwananmu.

Ni dai ba wannan shari'a nake so in shiga ba. Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu wata ce dabam: a cikin dukan waɗanda suka taɓa sa ƙafa a ƙwallo, su wane ne wasansu ya fi kyan gani? Lissafi ba ya amsa wannan tambaya, sai ido. Kuma tun da yake ido ne alƙali, to, dole mu koma tarihi, mu ga abin da idanun mutanen da suka riga mu suka gani, a ƙasashen waje da kuma nan ƙasarmu.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita a kan abin da muke nufi. Bahaushe ya daɗe da rarrabe irin waɗannan abubuwa tun kafin Bature ya zo masa da ƙwallo. A ranar hawan salla, in Sarkin Dutse ya fito da jama'arsa, akwai dokin da ake yabo saboda gudu, akwai kuma wanda ake yabo saboda taku. Na farko shi ke cin sukuwa, amma na biyu shi ne mata da yara ke bi da kallo har ya ƙule. A fagen dambe ma haka abin yake: akwai mai ƙarfin hannu wanda in ya sami mutum sau ɗaya an gama, akwai kuma wanda tsayuwarsa da kaucewarsa kaɗai sun isa a biya kuɗin shiga. To, wannan na biyun shi nake kira mai iya taku, kuma a ganina alamominsa uku ne. Ta farko natsuwa, watau a ga kamar shi kaɗai aka ƙara wa lokaci a cikin fili, kowa na gaggawa shi ba ya yi. Ta biyu tarbar ƙwallo, yadda za ta zo masa a guje ta kwanta a ƙafarsa kamar an kira ta da suna. Ta uku rashin ɓarna, watau ba ya yin motsi uku inda ɗaya ya isa. Mai karatu ya riƙe wannan ta ukun da kyau, domin ita ce za ta jawo mini faɗa nan gaba.

Ƙwallon ƙafa ya shigo ƙasar Hausa ta hanyoyin da sauran kayan Turawa suka biyo: barikin soja, da makarantun boko, da ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, da kuma ma'aikatan haƙar kuza a Jos. Garuruwan da ke kan layin dogo, irin su Zariya da Kaduna da Kano, su suka fara saninsa. A yankinmu layin da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru ta Ringim ya bi, bai biyo ta Dutse ba, kuma a wancan zamani Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano. Saboda haka ba mamaki in aka ce malamin elemantare da ɗan makarantar kwana, irin 'yan makarantar Birnin Kudu masu dawowa hutu, su suka fi kowa yaɗa wasan a garuruwanmu. Yaran da ba su sami ƙwallon fata ba sai suka ɗaure tsumma suka yi tamaula, suka kafa duwatsu biyu a matsayin raga, aka shiga bugu ba takalmi.

Kada a raina wannan bugu na ba takalmi. A 1949 aka tura zaɓaɓɓun 'yan wasan Nijeriya su 18 zuwa Ingila a jirgin ruwa, cikinsu har da Teslim Balogun da Dan Anyiam da John Dankaro na Jos. Yawancinsu ƙafa tsirara suka yi wasa, sai ɗan bandeji da suka naɗa, amma a wasansu na farko suka lallasa ƙungiyar Marine da ci 5 da 2. Wanda ya koyi ƙwallo da tafin ƙafarsa a kan turɓaya da tsakuwa, inda ƙwallo ba ta tafiya yadda aka aike ta, dole ya koyi lallashinta, don in ya doke ta da ƙarfin tsiya yatsansa ne zai gaya masa. Daga nan tarbar ƙwallo take farawa, ko a Birazil ne ko a Fagge. Gasar kofin Gwamna kuwa, wadda aka fara a 1945 aka kuma sake mata suna daga baya ta zama kofin ƙalubale, ƙungiyoyin Ikko ne suka riƙe ta kamar gadon gidansu har zuwa 1953, shekarar da 'yan wasan Kano suka doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1. Wannan shi ne karo na farko da kofin ya bar Ikko.

A cikin wannan shekara ta 1953, ranar 25 ga Nuwamba, aka yi wani abu a filin Wembley na Landan wanda masu tarihin ƙwallo ke ɗauka mafarin sabon zamani. Ƙasar Hangari ta zo har gida ta ci Ingila 6 da 3. Abin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne ƙwallon Ferenc Puskas, wani gajere mai ɗan tumbi wanda kusan da ƙafar hagu kaɗai yake aiki. Kyaftin ɗin Ingila, Billy Wright, ya taho masa da zamiya a kusa da raga, sai Puskas ya taka ƙwallon da tafin ƙafarsa ya jawo ta baya, Wright ya wuce fuu kamar wanda aka aika, shi kuwa ya juya ya sheƙa ta a raga. Motsi ɗaya tak. Amma da aka je gasar kofin duniya ta 1954, wannan ƙungiya da ba ta da tamka ta sha kashi a hannun Jamus ta Yamma a wasan ƙarshe, 3 da 2, bayan ita ta fara cin biyu.

Mai karatu zai ga wannan labari yana ta maimaita kansa. A 1974 Holan ta zo da Johan Cruyff, dogo siriri mai tafiya kamar ba ya taɓa ƙasa. A wasansu da Suwidin ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, mai tsaron baya Jan Olsson yana manne da shi. Ya yi kamar zai bugo ta tsakiya, sai ya ja ta da cikin ƙafarsa ta bayan ɗaya ƙafar, ya juya ya bar mutumin yana neman inda duniya ta nufa. Abin lura a nan shi ne, wannan juyi bai haifar da ci ba, wasan ma canjaras aka tashi, ba wanda ya ci wani. Duk da haka yau fiye da shekara 50 ke nan ana koya wa yara shi da sunan Cruyff. A wasan ƙarshe Jamus ta Yamma ce ta sake yin nasara, 2 da 1. Sai dai a yi adalci, kyaftin ɗin Jamus na ranar, Franz Beckenbauer, shi ma yana cikin sahun gaba na masu iya taku. Shi ne ya nuna wa duniya cewa mai tsaron baya ba dole ne ya zama mahauci ba, yana iya fitowa da ƙwallo kansa a ɗage, ya aika ta da bayan ƙafa inda yake so. A 1970 an ga ya ƙarasa wasa da Italiya hannunsa ɗaure a ƙirji bayan ya goce a kafaɗa, kuma ko a hakan takunsa bai sake ba.

Na uku a jerin waɗanda suka burge suka kuma faɗi ita ce Birazil ta 1982, ta su Zico da Falcao da Socrates. Shi Socrates likita ne da takardarsa, dogo ne ƙwarai, kuma ya mai da bugun dunduniya kamar wata ƙafa ta uku. Ranar 5 ga Yuli a birnin Basalona kunnen doki kaɗai suke bukata su wuce, amma ba su iya jan birki ba, suka ci gaba da kai hari, Paolo Rossi na Italiya ya zura musu uku, aka tashi 3 da 2. Tsofaffin masu kallo har yanzu sun fi tuna waɗanda aka ci a ranar fiye da waɗanda suka ɗauki kofin.

Kada a ce na manta da Pele da Garrincha. Su kam sun haɗa biyun, kyan wasa da nasara, a 1958 da 1962, kuma Birazil ba ta taɓa shan kashi ba a duk wasan da su biyun suka buga tare. Garrincha da karkatattun ƙafafu aka haife shi, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kuma yanka iri ɗaya yake yi kullum, ya yi kamar zai shiga ciki sai ya fita ta dama. Kowa ya san abin da zai yi, ba mai iya hana shi. Ya mutu a 1983 yana da shekara 49, giya ta cinye shi, hannunsa ba komai.

Yanzu bari mu dawo kusa da gida, don a nan ne maganar ta fi shafarmu. Wani abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, unguwannin zango na ƙasar Gana, inda Hausa ita ce harshen kasuwa da masallaci da filin wasa, sun ba Afirka wasu daga cikin gwanayenta mafiya kyan wasa. Na farkonsu Baba Yara, wanda aka haifa a Kumasi a 1936, ya yi wa Asante Kotoko wasa a gefen dama har aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. A watan Maris na 1963 motar ƙungiyarsa ta lokacin, Real Republikans, ta yi haɗari a hanyar dawowa daga wasa, ya sami rauni a ƙashin baya, bai sake taka ƙwallo ba. Yana da shekara 26 a lokacin, ya kuma rasu a 1969. Babban filin wasa na Kumasi sunansa yake ɗauke da shi yau. Bayansa aka yi Mohammed Polo, ɗan unguwar Nima ta Ankara, mai ƙafar hagu wanda 'yan kallon Hearts of Oak suka ɗauka kamar mai sihiri, da Karim Abdul Razak na Kumasi, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Afirka a 1978, shekarar da su biyun suka taimaki Gana ta ɗauki kofin Afirka a gida. Wannan unguwa ta Nima ita ce kuma ta fitar da Mohammed Kudus a zamaninmu. Ashe dai gadon bai yanke ba.

A Arewacin Nijeriya kuwa, garin Jos ne ya fara zama makarantar kyan wasa. Ƙungiyar Mighty Jets, wadda Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ita ce ta fara cin gasar lig ta ƙasa a 1972, kuma tauraronta shi ne Sam Garba Okoye, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka irin cakuɗuwar jama'ar Jos a wancan zamani. Yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka je gasar Olimfik ta Meziko a 1968, inda suka yi 3 da 3 da Birazil. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 1972 Bendel Insurance tana gaba da ci biyu, lokaci ya kusa cika, sai Sam Garba ya farke duka biyun. Da aka sake wasan a Ibadan Bendel ta yi nasara da 3 da 2. Haka Jets ta yi ta zuwa wasan ƙarshe tana dawowa hannu rabbana, har abin ya zama kamar an yi mata baki. Ga shi nan kuma, labarin Hangari da Holan ne ya sake fitowa da rigar gida. Sam Garba ya rasu a haɗarin mota a 1978.

A cikin waɗannan shekaru ne aka yi Haruna Ilerika, ɗan ƙaramin mutum mai ƙafar hagu da ya yi suna a Stationery Stores ta Ikko, wanda yake cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya zinariya a wasannin Afirka na 1973. Aka yi Baba Otu Mohammed na Jets, ɗan gefe, wanda ya haskaka a gasar kofin Afirka ta 1976 a Habasha, inda Nijeriya ta doke Zayar mai riƙe da kofin da ci 4 da 2, ta kuma ƙare a matsayi na uku. Aka yi Segun Odegbami, wanda shi ma a Jos ya tashi, mai auna ƙwallo kamar injiniyan da yake, shi ne ya ci biyu daga cikin ukun da aka zura wa Aljeriya ranar 22 ga Maris 1980, ranar da Nijeriya ta fara ɗaukar kofin Afirka a gaban Shugaba Shehu Shagari.

Mu mutanen tsohuwar Jihar Kano, wadda Dutse take cikinta har zuwa 27 ga Agusta 1991, tamu ƙungiyar ita ce Raccah Rovers. Sunan Raccah sananne ne a Kano tun zamanin cinikin gyaɗa. A 1978 ta ci gasar lig ta ƙasa, kuma ɗan wasanta Shefiu Mohammed yana cikin tawagar da ta ɗauki kofin 1980. A wannan shekara ta 1978, cikin watan Afrilu, ƙungiyar Fluminense ta Birazil ta zo rangadi ta kara da Raccah a Kaduna. Pele, wanda ya riga ya yi ritaya tun watan Oktoba na 1977, yana ƙasar a lokacin, sai ya sa rigar Fluminense ya buga rabin wasan, baƙi suka ci 2 da 1. Watau dai akwai dattawa a Kano da Kaduna, watakila har da garuruwanmu, waɗanda suka ga Pele da idonsu yana fafatawa da 'ya'yan Kano. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa jin wannan labari?

To, ga inda faɗan yake. In aka tambayi 'yan Nijeriya goma wane ne ya fi kowa kyan wasa a tarihin ƙasar nan, tara za su ce Okocha, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ba. Ƙwallon da ya ci Oliver Kahn a 1993, lokacin yana Eintracht Frankfurt, ya isa shaida: ya yanke mai tsaron gida, ya ƙi bugawa, ya koma ya yanke masu tsaron baya, ya sake dawowa, sai da ya gaji da wasa da su sa'an nan ya jefa ta. Jamusawa suka zaɓe ta ƙwallon shekara. Haka kuma wadda ya ɗirka wa Kamaru daga nesa a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Ikko a shekarar 2000. Ronaldinho kansa ya zauna tare da shi a Paris Saint-Germain yana matashi. Amma in muka koma kan alama ta uku, watau rashin ɓarna, sai mu ga Okocha yakan yanke mutum sau uku inda sau ɗaya ya wadatar, don daɗin abin da kuma shewar 'yan kallo. Wannan yanga ce, kuma yanga tana da daɗin kallo, amma ba ita ce taku ba. Ni a wurina Nwankwo Kanu ya fi shi taku. Dogo ne har ya yi yawa, ba shi da gudu, an kuma yi masa aikin zuciya a 1996, amma ban taɓa ganin ɗan Nijeriya mai natsuwarsa a gaban raga ba. A gasar Olimfik ta 1996, Birazil tana gaba da 3 da 2, saura daƙiƙu a tashi, ƙwallo ta faɗo masa cikin cunkoso ya ba raga baya. Maimakon ya yi ta maza ya doka, sai ya ɗan ɗaga ta sama, ya juya, ya tura ta ciki. Bayan 'yan mintoci ya ci ta huɗu. A 1999 kuma, a gidan Chelsea, Arsenal tana baya da ci biyu, ya ci uku cikin minti 15 na ƙarshe, ta ukun daga kan layin kwana bayan ya zaunar da mai tsaron gida. Na san 'yan ɗakinmu ba za su yafe mini wannan hukunci ba, amma ra'ayi riga ce.

Da wannan ma'auni ne kuma nake cewa gudu ba taku ba ne. Tijjani Babangida na Kaduna, wanda ya yi shekaru a Ajax ya kuma zura wa Afirka ta Kudu biyu a shekarar 2000, da Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars kafin ya ci Ajantina biyu a 2014 da Aisilan biyu a 2018, dukansu abin alfaharinmu ne, kuma ba wanda ya isa ya rage musu daraja. Amma dawakan sukuwa ne.

In kuwa aka matsa mini in faɗi mutum ɗaya a duniya duka, Zinedine Zidane zan faɗa, ɗan Aljeriyawan da aka haifa a Marseille a 1972. Maradona ya fi shi ban tsoro, Messi ya fi shi ci nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya kai shi tarbar ƙwallo. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa, amma ƙwallo in ta faɗo masa daga sama sai ta mutu a ƙafarsa ba ko motsi. A 2002 a birnin Glasgow, a wasan ƙarshe na zakarun Turai, Roberto Carlos ya cillo masa wata ƙwallo sama wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Ya tsaya ya jira ta, ya karkata jikinsa, ya tare ta da hagu, wadda ba ita ce ƙafarsa ba, tun ba ta taɓa ƙasa ba. A 2006 yana da shekara 34 ya mai da 'yan Birazil 'yan kallo a cikin fili. Sa'an nan a wasan ƙarshe na wannan gasa, wasansa na ƙarshe a duniya, mutumin da aka san ƙafarsa da natsuwa ya kasa riƙe zuciyarsa, ya tunkuyi Materazzi a ƙirji, aka ba shi jan kati, ya wuce ta gefen kofin kansa a sunkuye. Natsuwar ƙafa ba ta tabbatar da ta zuciya.

Wani abin da ya kamata a tuna shi ne, irin waɗannan gwanaye sun taɓa zuwa har ƙofar gidanmu muna kallo ba mu san su ba. A gasar matasa ta duniya ta 1999 Xavi ya buga wa Sifen wasa a Kaduna, a ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009 kuma Isco ya yi wasa a filin Sani Abacha na Kano, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba daga Dutse. Mu ma mun fitar da namu. A 2007 wani yaro ɗan Kano, Rabiu Ibrahim, ya sa lamba 10 a ƙungiyar da ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu, jaridu suka yi ta kiransa magajin Okocha. Ya tafi Sporting ta Fotugal, ya je PSV, ya je Celtic, bai sami gindin zama ba sai da ya isa Silobakiya, inda ya yi shekaru yana wasa nesa da idon mutanensa. Shi kuwa Rabiu Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, a gida ya yi zamansa, yana cikin ƙungiyar Pillars da ta ci lig sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ya kuma ci gaba da buga ƙwallo har bayan ya haura shekara 40, abin da mai dogara da gudu ba zai taɓa iyawa ba.

A nan Jigawa muna da Golden Stars, wadda ta sha hawa babbar gasar ƙasa tana saukowa. Ta hau a 2019, ta sauko a 2021. Yaron da ke zaune a gidan kallo a Dutse zai iya lissafo maka 'yan benci na Real Madrid ɗaya bayan ɗaya, amma ka tambaye shi wa ya sa lamba 10 a ƙungiyar jiharsa, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Juyin Cruyff yana nan a fim, kowa na iya kallonsa a wayarsa sau ɗari. Wasan Sam Garba da na Ilerika da na 'yan Raccah kuwa, mafi yawansa ba ya ko'ina sai a cikin kawunan waɗanda suka tsaya a bakin fili suka gani, ko suka kasa kunne ga rediyo. Sunan Shago ɗan dambe ya kawo yau domin Ɗan Anace ya waƙe shi, mu kuma a sashen Hausa muka ɗauki waƙar muka rubuta, muka yi ta nazarinta. Wanda ya kalli Raccah da Fluminense yana saurayi ɗan shekara 20, yau yana dab da 70. Irinsu suna nan a Garu da Limawa, da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, suna zaune a kan tabarma bayan sallar la'asar, kuma wayar da muke karanto lissafin Messi da Ronaldo da ita tana ɗaukar murya.